Katangar tsakani: Haƙƙin maƙwabci idan ana ƙarin gini

A ƙauyuka irin su Gidan Goga da ke ƙaramar hukumar Maradun, da kuma garuruwan Talata Mafara da Bakura a jihar Zamfara, gidaje da dama katanga ɗaya ce ke raba su da na maƙwabta.

Idan ɗa ya tashi aure, akan ƙara masa ɗaki a cikin gida, kuma sau da yawa wurin da ya saura shi ne jikin wannan katanga. Daga nan ne ake samun saɓani kan wanda ya mallake ta, da inda ruwan indararo zai zuba, da tagar da za ta leƙa gidan wani.

Katangar ta waye?

Shari'ar Musulunci, wadda gwamnatin Ahmed Sani Yariman Bakura ta faɗaɗa aiki da ita a jihar a watan Janairun 2000, ta daɗe da tanadi kan wannan batu, kuma alƙalai a arewacin Najeriya na bin mazhabar Malikiyya ne.

Idan akwai shaidu ko takarda, magana ta ƙare. Idan babu, ana duba ginin ne da kansa. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ta nuna cewa ana bai wa katanga ga wanda tubalanta suka sarƙe da na ɗakunansa, domin hakan alama ce ta cewa tare aka gina su.

Wannan ne ya sa ake neman gwanayen magina su je su duba kafin a yanke hukunci. Wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda ya yi wa alƙalan birnin Tunis irin wannan aiki a ƙarni na 14, ya rubuta littafi guda kan hukunce-hukuncen gini.

Idan katangar ta su biyu ce, babu wanda zai rushe ta, ko ya ɗora mata gini, ko ya fasa taga a jikinta, sai da yardar ɗan'uwansa.

Ɗora azara

Akwai hadisin da Abu Huraira ya ruwaito, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, da ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa.

Sai dai malaman Malikiyya sun ɗauki wannan a matsayin mustahabbi, wato abin da ake kwaɗaitarwa amma alƙali ba zai tilasta ba, yayin da Imam Ahmad ke ganin wajibi ne matuƙar bangon ba zai cutu ba.

Ma'anar hakan ita ce mai ƙarin gini roƙo zai yi, shi kuma mai katangar ana son ya amince. A nan nauyi ne abin lura: katangar ƙasa da aka gina don ta yi sutura kawai ba lallai ta ɗauki azara da rufin ƙasa ba, balle dakin na kankare.

Taga da ruwa

Ƙa'idar da sauran hukunce-hukuncen suka dogara a kanta ita ce haramcin cutar da wani.

Littafin Mukhtasar na Khalil ya nuna cewa alƙali na iya ba da umarnin toshe sabuwar tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. A ƙasar Hausa, inda mata ke girki da sauran ayyukansu a tsakar gida, wannan ba ƙaramin lamari ba ne, musamman idan bene ake ginawa.

To amma tsawon gini shi kaɗai ba laifi ba ne. Maƙwabci ba shi da ikon tsayar da aiki don kawai ya tare masa rana ko iska. Haka kuma wajibi ne ya bar magina su shiga ta gefensa idan ana bukatar gyaran bango.

Ruwa ne ya fi yin ɓarna. Indararo ko bakin kwanon da ke zuba a gindin katangar ƙasa kan zaizaye ta a hankali, har ta faɗi idan damina ta yi nisa, galibi a watan Agusta. Haƙa fandisho ko shadda daf da ita ma kan raunana tushenta.

Dokar ƙasa

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba birane ba. Dokar tsara birane ta 1992 kuwa ta tanadi neman izini kafin a yi gini.

Sai dai yawancin gidajen karkara na gado ne, kuma abin da dattawan unguwa suka sani shi ne shaidar iyakarsu. Don haka ƙorafi kan fara ne daga gaban mai unguwa, zuwa dagaci da hakimi, kafin ya kai kotu.

A Ingila da Wales akwai doka ta musamman ta 1996, wadda ta wajabta sanar da maƙwabci a rubuce wata biyu kafin a taɓa katangar tsakani. Shi kuma yana da kwana 14 ya ba da amsa, idan ba su daidaita ba sai a naɗa safiyo ya raba gardama.

Kafin a sauke yashi

Matakan da ke rage rigima ba su da tsada. Na farko shi ne a sanar da maƙwabci tun kafin a kira magini, a kuma auna iyaka a gaban mai unguwa da shaidu.

Na biyu, a ɗauki hoton katangar da waya, ta yadda idan ta tsage daga baya za a san ko aikin ne ya jawo. Na uku, a rubuta abin da aka amince a kai: wanda zai yi yaɓe, inda ruwa zai bi, da wanda zai biya idan an yi ɓarna.

Wanda kuma ke da hali, ya fi masa sauƙi ya tayar da nasa bangon a cikin iyakarsa, domin iznin da aka bayar da baki a yau, magada ne za su yi jayayya a kansa gobe.