Matamaye: mai son kasuwa ta ɗore, ya fara tsare uwar kuɗi

Garin Matamaye yana kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto, ta shiga Daura, ta zarce Kano. Saboda haka kusan duk saurayin da ya samu ɗan jari, abin da yake fara tunani shi ne ya tsallaka iyaka ya saro kaya ya kafa tebur. Masu farawa suna da yawa, amma ba duka ke kai labari ba. Sau da yawa ba rashin masu saye ke karya su ba, cin uwar kuɗi ne a bisa zaton riba ake ci.

Matakin farko shi ne lissafi. A misali, mutum ya saro kayan jika 100 a Kano, ya sayar jika 120, sai ya ce ya ci jika 20. Amma in ya cire kuɗin mota, da dako, da duwan, da abincin hanya, suka kama jika 15, ribarsa jika 5 ce kawai. In ya kashe 20 ɗin nan a gida, to ya gutsiri jika 15 daga jari. Kafin ya yi sawu bakwai, tebur ya bushe. Maganin wannan ɗan littafi ne da alƙalami: abin da ya shiga, abin da ya fita, kowace rana, ko da boko ko da ajami. Aljihun cefane daban, aljihun sari daban.

Na biyu, ɗan kasuwar Matamaye yana rayuwa tsakanin kuɗi biyu. Sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa tana hawa tana sauka. A watan Janairu na 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, masu sari daga Najeriya suka wayi gari jarinsu ya ragu. A watan Yuni na 2023 kuma naira ce ta faɗi, bayan gwamnatin Najeriya ta saki farashinta. Wanda ya ba da bashi da naira a lokacin, an biya shi cif, amma da ya je canji sai ya ga asara. Don haka a riƙa auna jari da kuɗi guda, kuma kada bashin naira ya daɗe a hannun mutane.

Na uku, iyaka ƙofa ce, ana buɗe ta ana rufewa. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Wanda duk sana'arsa ta dogara ga hanyar Kano kaɗai, ya ji jiki. Alhali ƙasar Kance ba ta rasa abin sayarwa ba: ga rake a fadamu, ga wake, ga gyaɗar da a zamanin kamfanin SONARA ita ce dukiyar wannan yanki. Matar da ke matse gyaɗa ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli, ciniki biyu take yi da tiya guda, ba tare da ta jira duwan ba.

Sai maganar jari. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna haka: mata su taru, su zuba kaɗan-kaɗan kowane mako a cikin asusu, su ranta wa juna, ƙarshen zagaye su raba. Dubarar ta bazu har ƙasashen waje. Mai neman rance, a asusu ko a banki, ya tabbata ribarsa ta fi ruwan da zai biya, kuma kuɗin su shiga kaya, ba biki ba.

Daga ƙarshe, kada a yi gaggawar buɗe kanti. Idan littafi ya nuna riba wata shida a jere, aka biya fatanti ba tare da an taɓa jari ba, sannan a ƙara kaya ko a ɗauki yaron shago. Wanda uwar kuɗinsa ke nan, ko kasuwa ta juya masa baya bana, yana da abin komawa sari baɗi.