Batirin alminiyam: abin da ke gaskiya da abin da aka ƙara wa gishiri

Ana yawan cewa batirin alminiyam ya gama da na litiyam, wai yana cika cikin minti ɗaya kuma ya fi shi ƙarfi sau uku. Maganar tana da tushe, amma an ja ta fiye da inda ta tsaya.

Gaskiya ne alminiyam ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin 100, kuma kowane ayon nasa, wato ƙwayar zarra mai caji, yana ɗauke da caji uku, na litiyam ɗaya. Gaskiya ne kuma a 2015 tawagar Hongjie Dai a Jami'ar Stanford ta Amurka ta nuna ƙaramin batir da ke cika cikin kusan minti ɗaya, ya jure caji sama da sau 7,500. Sai dai ƙarfinsa kusan bolt 2 ne, na litiyam kuwa kusan 3.7. Kuma abin da ke shiga cikin girafait ɗinsa dunƙule ne na alminiyam ɗaya da kulorin huɗu, mai caji ɗaya tak. Ribar nan ta caji uku ba ta samu ba a can.

Ana kuma cewa da an maye gurbin ruwan batir da daskararren sinadari shi ke nan. Nan ne gizo ke saƙa. A cikin daskararren abu, ayon tsalle yake yi daga gurbi zuwa gurbi. Na alminiyam ƙarami ne, cajinsa kuma babba, don haka zarrar oksijin da ke kewaye da shi na riƙe shi gam, tsallen ya yi wuya sai an zafafa abin sosai. Tun shekarun 1990 masana a Osaka ta Japan suka ce sun ga yana motsi cikin gishirin tungstan, wasu daga baya suka ce wani ayon ne daban ke tafiyar.

Me ya sa ake nacewa a kan daskararren sinadarin? Ruwan da ake amfani da shi yana cin ƙarfe, kuma ɗan laima kaɗan na lalata shi. Masu bincike a Beijin sun tsare shi cikin ƙofofin gishirin alminiyam da fulorin, batirin ya jure caji sau 10,000. Ci gaba ne na gaske, ina kuma murna da shi, amma ayon ɗin har yanzu ta cikin ruwan nan yake bi. Mai shirin sayen batirin sola bana kada ya jira wannan. Yana ɗakin gwaji tukuna.