Zaizayar Ƙasa a Kudancin Kaduna: Abin da Gansakuka Za Ta Iya Yi

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa a watan Agusta ya san launin ruwan da ke gangarowa daga tuddai: ja wur, ɗauke da ƙasar noma. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Jihar Kaduna, kuma daga duwatsun Kagoro har zuwa gonakin Zangon Kataf, duk gangaren da aka sare itatuwansa ko aka yanka domin hanya yakan zama bakin kwazazzabo cikin 'yan damuna.

Gwamnati ba ta rasa kuɗin yaƙi da matsalar ba. Tun 1981 ake da Asusun Kula da Muhalli. Shirin NEWMAP na Bankin Duniya ya ƙare a 2022, sai ACReSAL ya gaje shi da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai akasarin maganin da muka saba gani siminti ne da duwatsu, masu tsada, waɗanda ba sa mayar da tsiro.

Akwai wata dabara da ta cancanci kulawa. A saman ƙasar da aka bari ta huta, wasu ƙwayoyin halitta da gansakuka kan saƙa wani siririn ɓawo. Zaruruwansu da danƙon da suke fitarwa na ɗaure ƙwayoyin yashi, ta yadda ɗigon ruwa ba ya tarwatsa su. Wasunsu kuma na jawo sinadarin naitirojin daga iska, su ciyar da ƙasa, har irin ciyawa ya samu wurin kamawa. Masana sun ƙiyasta cewa wannan ɓawo ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasa.

A Shapotou da ke ƙasar Sin, inda tun shekarun 1950 ake kare layin dogo daga rairayin hamada, masu bincike na renon waɗannan halittu su fesa su a kan yashi, abin da ya rage shekarun da ɓawon ke ɗauka kafin ya kafu. A Japan ana fesa gansakuka a kan gangaren da ya zabtare. A maƙwabciyarmu Nijar ma, binciken da aka yi a Banizumbu ya nuna ɓawon na ƙara wa ƙasa ƙarfin jure ruwa.

Dabarar na da iyaka. Ba ta cike kwazazzabon da ya riga ya yi zurfi, kuma kofaton shanu da ƙunar daji na kashe ɓawon. Amfaninta na fitowa ne idan aka haɗa ta da layukan jema ko gamba, aka kuma samu yardar manoma da makiyaya a bar wurin ya huta.

Nan ne aikin ya dawo kan teburin jami'an Abuja. Mai tsara takardar kwangilar hanya na iya sanya sharaɗin farfaɗo da gangare, a kuma ba jami'o'inmu ƙaramin fili a gindin Kagoro su gwada irin gansakukar yankin. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.