Baƙin Asabar da Lahadi

Jama'a, kun sha ganin mota ta shigo ƙauye ran Jumma'a da la'asar, ta tsaya a ƙofar gidan malamin gona ko malamin makaranta. Mutum biyu ko uku su fito, su rungume mai gida, ana ta dariya, ana kiran juna da sunayen wasa. Ran Lahadi kuma su koma. Ga shi ba a yi suna a gidan ba, ba a yi rasuwa ba. To, me ya kawo su?

Waɗannan abokan karatunsa ne na jami'a. Jami'a ita ce makarantar da ta fi kowace zurfi. Ta farko a Arewa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Samaru ta Zariya cikin 1962. Yawanci ɗalibi yakan yi shekara 4 a jami'a, mai koyon likita kuwa shekara 6. Ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. In kuɗin wani ya ƙare, ɗan'uwansa ya ranta masa. In ya yi zazzaɓi, shi zai kai shi asibiti. Ka ga wanda kuka yi irin wannan zama da shi ya zama kamar ɗan ɗakinku.

Amma ran da aka gama karatu sai a watse. Tun daga 1973 wanda ya gama jami'a yakan yi shekara guda yana bautar ƙasa, galibi a wata jiha nesa da gida. Bayan nan kowa ya bi inda abincinsa yake. Wani Kaduna, wani Kano, wani ƙauye. In ba a tashi an taka ba, sai a shekara 10 ba a ga juna ba, har 'ya'yansu su haɗu a hanya ba su san juna ba.

Me ya sa sai Asabar da Lahadi? Manomi damina ce ke sa shi aiki, rani ya ba shi hutu. Almajirin makarantar allo yana hutawa Alhamis da Jumma'a. Ma'aikacin ofis kuwa agogo ke mulkinsa, rani da damina. Daga Litinin zuwa Jumma'a ba shi da ikon kansa. Kwana 2 ɗin nan su ne nasa, su ake kira ƙarshen mako. Ba tun fil azal haka take ba. Da ma'aikata kwana 6 suke yi. Cikin 1926 wani mai kamfanin motoci a Amurka, Henry Ford, ya mai da aikin mutanensa kwana 5 a mako, daga baya abin ya bazu cikin duniya.

Abin da suke nema a ƙauye shi ne abin da ku kuke gani kullum har kun daina lura da shi. Watau shiru, da inuwar darbejiya, da fura da nono mai sanyi, da tuwon dawa miyar kuka, da barci ba ƙarar mota. Ko marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a zamaninsa, in ya sami hutu, gonarsa ta Bauci yakan tafi.

Sai dai akwai abin lura. Hutun baƙo aikin mai gida ne. Uwargida ce za ta yi daka, yara su ɗebo ruwa. Wani mai gida, don kunya, sai ya ci bashi ya yanka rago, baƙi su tafi su bar shi da biya har wata 3. Wannan wauta ce. Mutumin da ya san ka tun kuna jiƙa garin rogo da dare ba rago ya zo ci ba. Zakara ɗaya ya isa.

Shi ma baƙo da nasa. Ya aiko da labari tun da wuri, ko ta waya ko ta bakin wani, ya faɗi ko su nawa ne. Kada ya zo lokacin shuka ko noman farko, don a damina Asabar ba ranar hutu ba ce ga mai gona. Ya bari sai kaka, an kai amfani gida, ga gyaɗa, ga dankali, ga rake. Ya riƙo tsaraba, ko da sabulu ne da sukari da goro. In ya sauka ya fara zuwa ya durƙusa ya gai da mahaifin abokinsa, ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Sa'an nan mai gida ya raka shi wurin dagaci, don gari ya san wanda ya kwana cikinsa.

Ku kuma maƙwabta, ku je ku yi musu sannu da zuwa, wannan wajibi ne. Amma kada a cika zaure, wannan na neman a samo wa ɗansa aiki, wancan na neman kuɗin taki. In an yi haka baƙo ba zai faɗa ba, amma baɗi ba za a gan shi ba. Mai buƙata ya gaya wa mai gida, shi ya san lokacin da zai yi magana.

Ran Lahadi kada a tsare su da hira. Da an yi azahar a sa musu 'yar gyaɗa da ƙwan zabi a mota, a sallame su, don su isa gida da sauran rana. Tafiyar dare ba ta da aminci, kuma Litinin da ƙarfe 8 na safe ana jiransu a ofis.