Ido Bisa Turke: Abubuwan Mamaki Game da Kyamarorin Titi

A Paki ko Hunƙuyi ko Maƙarfi, kafin baƙo ya gama sauke jakarsa a tasha, 'yan majalisar mai shayi sun riga sun san gidan da ya nufa. Manyan birane kuwa, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, kyamarar CCTV suka ɗora bisa turke ta yi musu wannan aiki. Ga kaɗan daga labaranta.

Ba don ɓarayi aka soma da ita ba. A 1942, a Peenemünde ta Jamus, an kafa ta ne domin injiniyoyi su kalli tashin rokar V-2 daga nesa, kada ta fashe da su. Sai a 1968 garin Olean na jihar New York ya jera kyamarori a babban titin kasuwarsa don maganin masu laifi.

Tamu ta gida ita ce abin a riƙe baki. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas, kuma yawancin kuɗin rance ne daga bankin Exim na Sin. An kafa turaku, an ɗora farantan sola. Ba a jima ba akasarinsu suka makance, wasu ma ɓarayi suka kwance musu batura da faranti. Mai gadi kenan aka sace wa sanda! Da bam ya tashi a tashar Nyanya a Afrilun 2014, kowa tambayarsa ɗaya, ina kyamarorin? A 2019 ministar kuɗi Zainab Ahmed ta ce ana nan ana biyan bashin, amma ba ta da bayani kan halin da aikin ke ciki. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, kan ƙarar ƙungiyar SERAP, ta umarci gwamnati ta bayyana yadda aka kashe kuɗin.

Can Sin ɗin kuwa ba wasa. A 2017 wakilin BBC John Sudworth ya yarda 'yan sandan Guiyang su sa hotonsa cikin waɗanda ake nema, ya shige gari. Minti bakwai suka cim masa. A shekarar da ta biyo baya, a Nanchang, aka tsamo wani da ake nema daga cikin taron 'yan kallon waƙa kusan 60,000.

Sai dai gani daban, hankali daban. A Ningbo, cikin 2018, kyamara ta kunyata attajira Dong Mingzhu a babban allo, wai ta tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba. Ashe hotonta ne na talla a jikin bas. A Bath ta Ingila, a 2021, an aika wa wani mai mota takardar tara saboda kyamara ta karanta rubutun rigar wata mata mai tafiya a ƙasa, ta ɗauka lambar motarsa ce.

Wani wurin shaƙatawa a Beijing ya taɓa sa na'urar gane fuska a banɗaki don hana ɗibar takardar goge-goge: santimita 60 za ta ba ka, sai bayan minti tara za ka sake samu. Mu dai buta ta raba mu da wannan. San Francisco kuwa a 2019 hana hukumominta amfani da fasahar gane fuska ta yi ɗungurungum.

Duk ɗan Ikara ko Kudan da ya zauna jarrabawar JAMB a 'yan shekarun nan ya riga ya zauna ƙarƙashin idon, domin hukumar ta wajabta kyamara a cibiyoyinta na kwamfuta.

Alhaji mai shago da ya sayi tasa kyamarar, ya lura da wannan: a 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje wa duniya hotunan kai-tsaye na kyamarori sama da 70,000, na shaguna da ofisoshi har da ɗakunan kwana, don kawai masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba.