Uche Okeke, Mai Zanen Da Ya Tashi A Kafancan

Ran nan da na je koyon koyarwa a wata firamare, na ce wa yara kowa ya zana gidansu. Da na karɓi takardun sai na ga duk gida iri ɗaya ne, na cikin littafin Turanci, har da bututun hayaƙi. Ba wanda ya zana rumbu ko zaure. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani mutum.

An haifi Uche Okeke a 1933. Iyayensa Ibo ne, mutanen Nimo, amma a nan Kafancan ya tashi, a nan ya fara makaranta. Da ya shiga kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sai ya tarar zanen Turawa kaɗai ake koyarwa. A 1958 shi da su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun Turawa a haɗa da na gida.

Shi dai wurin mahaifiyarsa ya koma. Ita ta nuna masa uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar yadda namu ke yin lalle. Ya ɗauko layukan nan masu lanƙwasa ya sa a takarda. Bai tsaya ga kayan aiki iri ɗaya ba: yakan yi da alƙalami da tawada, da gawayi, da fenti, har ya je Munich ta Jamus ya koyo aikin gilashi mai launi. Ya yi hotunan wani bugu na littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart. Daga baya ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka. Ya rasu a 2016.

To, jama'a, mu ma muna da zanen ƙwarya, da saƙar tabarma, da ɗinkin hula. Da na koma aji na tafi da ƙwarya da gawayi, na ce su duba da kyau kafin su zana. Ranar har rumbu na gani. In malami bai nuna wa yaro darajar abin gidansu ba, wa zai nuna masa?