Shanun Laka da Jeren 'Yar Tsana a Ƙasar Gumel

Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari. Tun daren Laraba dabbobi ke kwararowa daga Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Damagaram: shanu, raƙuma, tumaki, awaki, jakuna da dawaki. Kafin rana ta faɗi manyan motoci sun yi lodi sun nufi Kudu. Yaron da ya tashi yana ganin wannan kowane mako, ba sai an koya masa siffar sa ko ta raƙumi ba. Shi ya sa a Maigatari, da ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, ake da wata kasuwar dabbobin da ke ci a gindin katanga, dabbobinta na laka, fatakenta da dillalanta duk yara.

Ƙasar nan ta rairayi ce, don haka laka mai kyau ba a ko'ina take ba. Sai an je bakin tafki ko kududdufi, musamman a ƙarshen damina da ruwa ya fara ja da baya ya bar yumɓu mai danƙo. A ɗebo, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a murje ta har ta daina manne wa hannu. Mulmula jikin sa ba wuya, ƙaramin yaro ma zai yi. Inda ake gane gwani shi ne wajen tsayarwa.

Sa na laka yana da ƙafa huɗu, amma ɗanyar laka ba ta ɗaukar nauyin kanta. In ƙafafun suka yi siriri, sai su lanƙwashe tun kafin su bushe. In suka yi kauri da yawa, abokai su ce wannan ai turmi ne. Gwani yakan ja ƙafafun daga jikin curin lakar, ba ya mulmula su daban ya liƙa, domin abin da aka liƙa shi ke fara ɓallewa. Sannan ya ɗan dangwara san a kan bulo ko daɓe, a hankali, har tafin ƙafafun huɗu su daidaita. A inuwa ake shanya shi, saboda rana na tsattsage laka. Wanda ke son nasa ya daɗe yakan roƙi uwarsa ta bar shi ya binne shi cikin tokar murhu mai zafi, ya fito ja-ja, yana ƙara in an ƙwanƙwasa.

Ƙaho ma da nasa lissafin. Bokolo mai gajeren ƙaho ba ya ba da wahala. Rahaji kuwa, jan sa mai dogon ƙaho irin na Bororo, in aka yi masa ƙahon laka yadda yake a zahiri, sai kai ya rinjayi gindi ya kife da fuska. Mafita biyu ce: ko a ƙara laka a ƙugunsa da tozonsa, ko a soka masa ƙayar aduwa guda biyu a matsayin ƙaho. Raƙumi ya fi kowa wahala, ga dogon wuya, ga dogayen ƙafafu. Masu haƙuri kan zura tsinke ko siririn kara cikin kowace ƙafa da cikin wuya. Mafi yawa kuwa a gurfane suke yin sa, kamar yana jiran a ɗora masa kaya, kuma babu mai cewa sun yi ha'inci, tunda haka ake yawan ganinsa a kasuwa. Ina ganin duk wanda ya taɓa tsayar da raƙumin laka a kan ƙafafunsa huɗu ya san abin da ake nufi da daidaita nauyi tun kafin ya ji shi a aji.

In garke ya kammala, sai jere. A share ƙasa, a shata da yatsa, a kafa tsinkaye su zama turaku. Shanu gefe guda, tumaki gefe guda, raƙuma can baya. Wanda ƙafarsa ta karye ba a yar da shi, sai a tara masa rairayi a ƙarƙashin ciki ya tokare shi. Daga nan ciniki ya kankama da ainihin bakin manya.

"Nawa ka taya?"

"Dubu ɗari."

"Albarka."

"To, ƙara masa wani abu, a yi sallama."

Kuɗin ganye ne ko fasasshen kasko, amma dillali ba ya yafe la'adarsa.

Da kaka ta yi, an girbe gero da dawa, sai kara ya karɓi fage. Da totuwa da ɓawon kara ake haɗa amalanke, ƙafafunta na marfin kwalba ko na tsohon silifas da aka yanka, a ɗaura mata shanun laka biyu. Haka ake yin motar kara da ta gwangwani. Dokin kara kuma hawansa ake yi, ana kwaikwayon hawan Sallah na Sarkin Gumel.

Sha'anin 'yan mata daban yake, kuma a wurinsu jere ya fi zama jere. 'Yar tsana ta gargajiya, ta kara ce ko ta ƙashi, ba ta da ƙafar tsayuwa, kuma ba a damu ta tsaya ba. Goya ta ake yi, ko a kwantar, ko a jingina ta da bango, ko a kafa gindinta cikin rairayi. A yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle, a sa mata tsakiya. Babban al'amari shi ne aurenta. Ƙawaye su taru, a yi guɗa, a kai amarya, a yi mata ɗaki a wani lungu na tsakar gida. Gwangwanin tumatir da na madara, marfin kwalba, kwalin ashana, duk a wanke a goge, a ɗora manya a ƙasa, ƙanana a sama, a kan bulo ko guntun katako. Yarinya takan ja da baya ta duba, ta dawo ta gyara wanda ya karkace, daidai yadda ta ga gwaggonninta na yi.

Abin da take kwaikwayo shi ne babban baje-kolin gidan Bahaushe, wato jeren ɗakin amarya. A da ƙorai ne da faya-fayai da taskira, ƙwarya kuma da yake gindinta zagaye ne sai a ɗora ta a kan gammo ko a rataye ta a ragaya. Daga baya tasoshi da kwalla da fanteka da samira suka hau kanta, sannan tangaran ya shiga kabet mai gilashi. Da yawan waɗannan kwanuka ba a taɓa zuba musu abinci ba. Don gani aka jera su, kuma dukiya ce ta mace da za ta iya ɗauka ta sayar ranar buƙata.

A wasu ƙasashe manya na yi wa kayan wasa irin wannan gata. A Japan, bayan fim ɗin zane na Gundam da aka fara nunawa a 1979, kamfanin Bandai ya fara sayar da mutum-mutumin yaƙin da ke cikinsa a 1980, gutsi-gutsin roba a kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. Har yau magidanta na saye. Akwai kuma matokari na musamman da ake sayarwa daban, faranti da sanda mai gaɓoɓi, wanda ake maƙala mutum-mutumin a kai ya zama kamar yana tashi sama ko yana kai sara, sannan a jera shi cikin gilashi a falo. Matsalar da suke warwarewa ita ce dai ta mai raƙumin laka: abu mai nauyi a sama, siriri a ƙasa.

A nan da wuya ka ga magidanci ya yi haka, kuma ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Malamai sun yi magana a kan ajiye siffar abu mai rai a ɗaki, mutane kuma sun riƙe. An yi rangwame ga yara, ana kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai. Don haka aka raba aiki. Siffa ta yara ce, wurinta ƙasa, kuma ana girma ake barin ta. Kanta da kabet na kwano ne da tangaran.

Yanzu kuwa, duk lokacin da Sallah ta ƙarato, 'yan tebur da 'yan koli kan cika kasuwa da kayan wasan roba, galibi ƙirar Sin, waɗanda ake sarowa daga Kano: bindiga, tabarau, mota, 'yar tsana mai gashi, sojoji, da jarumai irin su Spider-Man. Sojan roba da ɗan faranti a ƙafarsa yake zuwa, an riga an tsayar da shi tun daga masana'anta. Ban ƙi yara su samu ba, suna murna da su, kuma murnar yaro ba ƙaramin abu ba ce. Abin da ke damuna shi ne yaron da bai taɓa yin fama da laka ba har ta yarda ta tsaya masa, domin a wannan famar ake koyon haƙuri da lura, a kyauta, a bakin tafki.

Kayan robar dai ba sa daɗewa. Kwana kaɗan bayan Sallah hannu ya fita, ƙafa ta ɓalle. A ƙauyukan da har yanzu ake zuwa ɗebo laka, irin wannan gurgun jarumi ba a jefar da shi. Sai a curo laka a dasa gindinsa a ciki, a bar shi ya bushe, a ɗora shi a kan amalanken kara ya zama mai kora shanu, ko a tsayar da shi kusa da turke a ce shi ne bafataken da ya zo daga Legas sayen raguna.